Kafin a Kurɓi Ruwan Yabanyar Shinkafa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wani abin sha da ake ta yayatawa a intanet, wato koren ruwan da ake tatsa daga yabanyar shinkafa. Ni tsohon malamin gona ne, kuma yawancin aikina a kan shinkafa na yi shi, tun daga gadon reno har zuwa sussuka. Shi ya sa duk lokacin da na ga ana kiran wannan ruwa maganin komai da ruwanka, sai hankalina ya tafi inda masu talla ba sa zuwa: wane iri aka shuka, a wace ƙasa, da wane ruwa.

Ga wanda bai san shi ba, ana jiƙa shanshera ne a baza ta a faranti, idan ta tsiro ta yi mako ɗaya zuwa biyu sai a yanke ganyen, a markaɗa, a tace, a sha ɗanye. Wasu kuma busar da shi suke yi su mai da shi gari. Dabarar aro ce daga yabanyar alkama, wadda wani masanin sinadaran gona a Amurka, Charles Schnabel, ya fara tallatawa a shekarun 1930, daga baya Ann Wigmore ta ƙara yaɗa ta. Ƙasashen da shinkafa ta fi alkama yawa a cikinsu suka ga ai su ma suna da nasu ganyen. A Tailan aka fi yin bincike a kai. A 2015 masu bincike a can sun kwatanta ruwan yabanyar irin shinkafa daban-daban da na alkama, suka samu cewa shinkafa mai launi mai duhu ta yi fice wajen sinadaran da ke rage lalacewar ƙwayoyin jiki. A Jami'ar Prince of Songkla kuma an gwada shayar da yabanyar da sinadarin seleniyom don ya taru a ganyen.

Ban raina wannan aiki ba. Sai dai a kwalaben ɗakin gwaji da kan ƙwayoyin halitta da aka rena a faranti aka yi mafi yawansa, kuma tsakanin abin da ya faru a kwalba da abin da zai faru a jikin mai ciwon suga akwai tafiya mai nisa. Ganye ne kore, yana da irin amfanin da ɗanyen ganye ke da shi, kuma shinkafa ba ta da gulutin ɗin da ke wahalar da wasu masu cin alkama. Iyakar abin da za a iya bugun ƙirji a kai ke nan. Maganar da ta fi ba ni haushi ita ce wai koren sinadarin ganye, kulorofil, yana komawa jini saboda ƙirarsa ta yi kama da ta jan sinadarin jini. Kamannin gaskiya ne, amma a tsakiyar kulorofil magniziyam ne ke zaune, a tsakiyar na jini kuwa sinadarin ƙarfe ne, kuma jiki ba ya musanya ɗaya da ɗaya. Mai ƙarancin jini ya je a auna shi a san dalili.

Abin da ya fi damuna shi ne iri. Duk wanda ya taɓa buɗe buhun irin shuka na kamfani ya ga yadda aka rina shi ja ko ruwan hoda. Wannan launi gargaɗi ne cewa an gauraya shi da maganin ƙwari da na cutar fumfuna. Wasu daga cikin magungunan, irin su imidacloprid da thiamethoxam, an ƙirƙire su ne don tsiro ya zuƙe su daga ƙwayar iri su hau cikin ganye, su kare shi a makonninsa na farko. To, daidai wannan lokacin ne masu haɗa abin sha ke yanke ganyen. Manomi da zai jira wata uku ko huɗu kafin girbi lissafinsa daban ne da na mai tatsa a kwana goma. An taɓa ganin abin da irin shuka ke yi idan ya shiga ciki: a Iraƙi, a ƙarshen 1971 zuwa 1972, mutane suka yi burodi da irin alkamar da aka gauraya da maganin da ke ɗauke da gubar zaiba, aka kwantar da fiye da 6,000 a asibiti, hukuma ta ƙirga mutuwar 459. An daina amfani da wancan magani, amma darasin launin buhu bai tsufa ba.

Sai halin shinkafar kanta. A cikin hatsi, ita ce ta yi suna wajen zuƙar gubar arsenik daga ƙasa, musamman inda ruwa ya kwanta a gona, domin ta hanyar da take shan silika ta nan gubar ke bi ta shiga. Kuma abin da na so masu karatu su riƙe shi ne, saiwa ce ta fi tara shi, sai kara da ganye, tsabar da muke ci ita ce ta ƙarshe. Hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci, wadda hukumomin abinci da na lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO da WHO) suka kafa, ta sa iyakar miligiram 0.2 na arsenik a kowane kilo na gyararriyar shinkafa a 2014, amma wannan ma'auni na tsaba ne, ba na ganye ba. Yabanyar da aka rena a faranti da ruwa mai tsabta na 'yan kwanaki ba ta da lokacin tara abu mai yawa. Wadda aka yanko daga gona, ko aka shayar da ruwan rijiya mai arsenik irin wanda ya addabi Bangaladash, ita ce abin tsoro, balle a busar da ita a yi gari, inda kilo da yawa na ɗanyen ganye ke komawa ɗan kaɗan. Haka batun kadmiyom yake, wani ƙarfe mai guba. Shi ne ya haddasa cutar itai-itai mai lalata ƙashi da ƙoda a Toyama ta Japan, ta hanyar shinkafar da aka shayar da gurɓataccen ruwan kogin Jinzu.

Ɗanyantakar ma ba ƙaramar magana ba ce. Ɗumi da laimar da ke sa iri ya tsiro su ne ƙwayoyin cuta da fumfuna ke so, kuma ba a ɗora wannan ruwa a wuta. A 2011, ɗanyen tsiron hulba ya yaɗa wani nau'in ƙwayar E. coli a Jamus, kusan mutum 4,000 suka kamu, fiye da 50 suka rasu. Idan an ga farin gashi-gashi ko baƙin ɗigo a gindin tsiron, ko faranti yana tsami, a zubar da shi gaba ɗaya. A yanka ganyen sama da gindi, a wanke, a sha nan take, kada a bar shi ya wuni. Masu juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki, ni dai shawarata su haƙura da shi. Mai shan warfarin don tsinka jini ya tambayi likitansa tukuna, saboda koren ganye na ɗauke da bitamin K mai rage ƙarfin maganin. Ruwan yabanyar da aka ƙara wa seleniyom kuwa, a tuna cewa seleniyom ma idan ya wuce kima guba ne, yana zubar da gashi yana lalata farce.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, idan wani ya kawo tallar wannan abin sha ko garinsa don a buga, a tambaye shi inda irinsa ya fito, a kuma nemi takardar gwajin arsenik da ta ƙwayoyin cuta daga ɗakin gwajin da ba nasa ba. In ya ce yana warkar da ciwon daji ko hawan jini, a nemi ya faɗi a kan mutum nawa aka gwada shi.

Naka,
Wani tsohon malamin gona