Don Allah in za ku faɗi lokaci, ku faɗa mana agogon wace ƙasa ne

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya haƙuri da mu masu sauraro. Allah ya ƙara basira.

Ƙorafi ne ɗan ƙarami ya sa na rubuto, akan yadda wasu masu gabatar da shirye-shiryenku suke faɗin lokaci. Da can in za a faɗi lokaci sai ka ji an ce ƙarfe shida agogon Najeriya da Nijar, wato ƙarfe biyar agogon GMT da Ghana, kowa ya san inda ya dosa. Yanzu kuwa musamman yaran da ke shirin wasanni sai kawai su ce za a take leda ƙarfe uku, shikenan su wuce, to ƙarfe ukun wa? Na Landan ko na Kano ko na Kumasi?

Kuma abin da ke rikita mutane shi ne su Turawa agogonsu ba ya zama wuri ɗaya. A Ingila duk ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris suna tura agogo gaba da awa ɗaya, sai lokacinsu ya zo daidai da namu, in kuma Lahadin ƙarshe ta Oktoba ta zo su mayar da shi baya su koma GMT, mu kuma muna nan inda muke ba mu taɓa namu ba. Shi ya sa wasan Firimiya na ƙarfe uku na yamma a watan Satumba ƙarfe uku ne a wajenmu, amma a Disamba ƙarfe huɗu ne. Haka Champions League, wanda ake bugawa tara na dare agogon su Sifaniya da Jamus, wani lokaci takwas ne a nan wani lokaci tara. Ka tambayi duk mai gidan kallon ƙwallo, satin da aka canza agogon nan sai an yi rigima, wani ya tada janareta tun kafin lokaci ya ƙona fetur a banza ga tsadarsa, wani kuma yara su zo su tarar har an tafi hutun rabin lokaci.

Sannan ku tuna ba mu kaɗai ke jin ku ba. Kamaru da Chadi da Benin lokacinmu ɗaya, babu matsala. Ghana da Togo suna bayanmu da awa ɗaya. Amma 'yan uwanmu Hausawan Sudan fa, ban taɓa jin kun ambace su ba, alhali su ma nasu ya canza: daga shekarar 2000 suna gabanmu da awa biyu, sai a ranar 1 ga Nuwamba 2017 gwamnatinsu ta mayar da agogo baya, yanzu awa ɗaya ce tsakaninmu. Saudiyya kuwa awa biyu ce kullum, wannan kam alhazai sun haddace.

Wanda ya fi damuna ma shi ne na azumi. Agogon Najeriya ɗaya ne daga Legas har bakin tafkin Chadi, tun 1919 Turawan mulkin mallaka suka tsayar da shi awa ɗaya gaban GMT, to amma ita rana ai ba ruwanta da dokar gwamnati. Duniya na juya digiri ɗaya cikin minti huɗu, Maiduguri tana wajen digiri 13 ta gabas Sakkwato kuma wajen digiri 5, ka ga tazarar ta kai kusan rabin awa kenan, mutumin Maiduguri ya sha ruwa ya yi sallar magariba har ya fara cin ƙosai, na Sakkwato rana ba ta faɗi masa ba tukuna. To in mai gabatarwa ya ce lokacin buɗa baki ya yi bai faɗi garin ba, kuma ga shi yanzu ana jin ku ta waya a ko'ina, wallahi akwai wanda zai iya karya azuminsa tun rana ba ta faɗi ba saboda ya ji a rediyo, balle tsofaffinmu da duk abin da rediyo ya faɗa gaskiya ne a wajensu. Haka ma sahur, sai dai shi a can gabas ne abin zai fi cutarwa, in aka ba su lokacin garuruwan yamma alfijir ya riga ya keto musu.

Don haka roƙona, Malam Edita, ka sa a riƙa haɗawa da sunan ƙasa duk sanda za a faɗi lokaci, in na sallah ne ko shan ruwa a faɗi sunan gari a ce da kewaye, sannan satin da Turai za su canza agogo a tunatar da mu tun kafin Asabar. Su kuma masu fassara labarai su riƙa juya lokacin zuwa namu kafin su shiga situdiyo.

Na gode, a gaida mutanen sashen wasanni duk da dai su na fi kai wa ƙara.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Gusau, jihar Zamfara.