Amsa ga ɗana mai tambaya kan jirgin kwal da hawan tudu

Assalamu alaikum ɗana, ya mutan Gombe, ya zafi.

Na ga tambayar da ka ajiye min a Facebook ƙarƙashin bidiyon nan na ƙaton jirgin Amurka, kuma naga jama'a sun taru a kai ana ta musu, shi yasa nace bari in amsa a fili kowa ya gani. Tambayarka ita ce, wai da gaske ne abinda tsofaffi ke faɗa cewa jirgin kwal na da ya fi na dizal ƙarfin hawan tudu, kuma in haka ne, tunda Allah ya bamu kwal a Maiganga me zai hana a dawo mana da shi layin Bauchi zuwa Gombe mu huta da jiran gawon shanu.

Toh ɗana, bai fi shi ba. Ina faɗin haka ne duk da irin son da nake wa jirgin kwal, don na yi aiki a reluwe kuma na zauna da dattawan da suka zuba masa kwal da hannunsu. Amma su ma tsofaffin ba ƙarya suke ba, akwai abinda suka gani, zan zo kansa.

Abinda yawancin masu musun nan basu lura da shi ba shine ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogo ma ƙarfe ne, dukansu sumul. Wannan sulɓin shine albarkar jirgin ƙasa a miƙaƙƙiyar hanya, don tan ɗaya na kaya baya buƙatar ja fiye da kilo 2 zuwa 3, shi yasa kan jirgi ɗaya ke jan tarago talatin ba ya ko nishi. Amma da zarar an fara hawa lissafi ya canja. In a kowace mita 100 dogo na ɗagawa mita 1, to kowane tan ya ƙara kilo 10 na ja. In mita 1 ce cikin 50, kilo 20 kenan. Hawan da kai a mota ko giya ba za ka canja ba, shi jirgi wahalarsa ta ninka sau bakwai ko takwas. Ɗauki misali jirgi mai tan 500 gaba ɗaya har da kansa, a fili kilo 1,500 ya ishe shi, a hawan 1 cikin 50 sai ya nemi wajen kilo 11,500.

Kuma wannan jan ba daga girman wuta kawai yake zuwa ba. Ƙafa bata iya riƙe dogo sai gwargwadon nauyin da ke danne ta, in dogo a bushe yake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin ne, wato kan jirgin da ke da tan 50 a kan ƙafafun da ke ja, iyakarsa kilo 12,500, ko da tukunyarsa za ta iya tafasa kogin Gongola, in ya nemi wuce haka ƙafa ce zata yi ta juyawa a wuri ɗaya. Yanzu ka sa raɓar asuba ko yayyafin farkon damina ko ɗanyar ciyawa da ta kwanta kan dogo, riƙon nan sai ya faɗo ƙasa da rabi, jirgin da jiya ya haye lafiya yau ya tsaya a tsakiyar hawa da kaya iri ɗaya da direba ɗaya. Shi yasa kowane kan jirgi ke da akwatin yashi da bututu a gaban ƙafa, kuma yashin dole a soya shi ya bushe a tankaɗe, in ya jiƙe ya toshe bututu to an shiga uku.

Ga kuma wani aibu da jirgin kwal ke da shi tun daga ƙira. Fistin, wato ƙarfen da tururi ke turawa gaba da baya a cikin silinda, shi ke tura ƙafa, mai silinda biyu bugu huɗu yake yi a kowane zagaye, ƙarfin na zuwa ne tura-saki tura-saki kamar mai taka keke a hawa, kuma a daidai ƙololuwar turawar nan ne ƙafa ke suɓucewa. In ta suɓuce sai kaji sautin ya haukace fat-fat-fat, hayaƙi da tartsatsi na tashi sama, direba ya yi maza ya rufe tururi ya saki yashi ya sake buɗewa a hankali, kuma a ɗan tsakanin nan gudun da aka tara ya zube, wutar ma iskar ta yamutsa ta. Sannan wani babban kaso na nauyinsa na kan ƙananan ƙafafun gaba da na baya da taragon kwal da ruwa, waɗanda basa ja, su ma jansu ake.

Dubi jirgin bidiyon naka ma. Big Boy ne, guda 25 aka ƙera wa kamfanin Union Pacific tsakanin 1941 da 1944 musamman don hawan duwatsun Wasatch a jihar Utah, mai lamba 4014 shi aka gyara ya dawo aiki a 2019, kuma gaskiya ne a 2023 ya tura wani jirgin kaya da ya maƙale a hawa a Nebraska. Abin sha'awa ne wallahi, ni ma na kalla ba sau ɗaya ba. Amma nauyinsa da taragonsa ya haura tan 500, ƙasa da rabi ne ke kan ƙafafun ja, jan da yake iyawa wajen tan 61 ne. Kan dizal na zamani a can Amurka da bai kai tan 200 ba yana tashi da jan da ya kai tan 80, saboda kowace ƙafa tasa tana ja, wutar lantarkin da injin dizal ɗin ke samarwa ce ke juya ta sumul babu tura-saki, ga kwamfuta da ke rage ƙarfi tun kafin ƙafa ta gama suɓucewa. Af, shi ma 4014 ɗin yanzu mai yake ƙonawa ba kwal ba.

Dawo gida. Duk jirgin da zai zo mana daga kudu sai ya biyo Kafanchan, ya hau ta Kagoro da Manchok har saman Filato, ya kai Kuru kusa da Jos inda tsayin ƙasa ya haura mita 1,200, sannan ya gangaro Bauchi da ke wajen mita 600, ya ci gaba da sauka zuwa Gombe. Kaga mu layinmu hawa da gangara ne gadonsa. Reshen Kafanchan zuwa Jos an buɗe shi a 1927, kafin shi kuwa akwai ɗan siririn layin da ya taso daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don kwasar kuza, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, ana kiransa da sunan Bauchi amma bai taɓa shigowa garin Bauchi ba, aka rufe shi a 1957. Namu na ainihi daga Kuru ya iso Bauchi a 1961, Gombe 1963, Maiduguri 1964, kuma a lokacin dizal ya riga ya shigo Najeriya tun 1955, suka yi zaman tare da na kwal shekaru kafin a ajiye na kwal ɗin.

Turawa sun san matsalar hawa sarai, shi yasa tun daga 1930 suka kawo mana samfurin Garratt daga Manchesta, tukunya ɗaya a tsakiya da inji biyu gaba da baya, ruwa da kwal na zaune a kan injinan suna danne ƙafa. Dabara ce mai kyau ga dogo marar nauyi mai yawan kwana irin namu, Kenya ma da su ta dogara wajen hawa daga Mombasa zuwa Nairobi. Amma shi ma da nasa, yayin da ruwa da kwal ke raguwa nauyin da ke danne ƙafa na raguwa. A Ingila kuwa, hawan Lickey kusa da Bamingam, 1 cikin 37.7 na tsawon kilomita 3 da ɗoriya, sai da suka ƙera kai na musamman a 1919 wanda aikinsa kawai ya tura jirage ta baya su haye ya dawo ya jira na gaba, haka ya yi har 1956. A Darjeeling ta Indiya har gobe in na kwal ya fito da 'yan yawon buɗe ido zaka ga mutane zaune a goshinsa suna watsa yashi da hannu. Inda hawa ya fi ƙarfin riƙo gaba ɗaya, kamar layin Nilgiri mai 1 cikin 12, sai a shimfiɗa ƙarfe mai haƙora a tsakiyar dogo.

Toh me tsofaffi suka gani? Na farko jirgin kwal ba ya ƙonewa don yana tafiyar hawainiya. Dizal na farko-farko in ka riƙe shi a hawa da kaya mai nauyi yana jan ciki, injinan lantarkin da ke ƙafafunsa zafi suke ɗauka har su ƙone, shi kuwa na kwal in dai akwai tururi kuma ƙafa ta riƙe zai yi ta rarrafe har ya kai. Na biyu ana iya cin bashin tukunya, wato kafin a iso gindin hawa a cika wuta a cika ruwa, a hawan a kashe tururi fiye da yadda ake dafa shi, a biya a gangara. Na uku, kuma nan ne zuciyata take, mutane. Hawan nan fa da gumin fayaman ake yinsa, mutum tsaye gaban wuta da shebur yana jefa kwal kusurwa-kusurwa ba tare da ya danne wutar ba, idonsa na kan gilashin ruwa, don in hancin jirgi na sama ruwa na taruwa baya sai gilashi ya nuna maka a cike, da an kai ƙololuwa aka karkata ruwa ya gudu gaba ya bar rufin akwatin wuta tsirara, in fayaman bai yi tanadi ba nan take toshiyar dalma da aka sa a rufin don kariya zata narke, ruwa da tururi su feso cikin wutar, wannan ma sauƙin abin kenan. Direba kuma ya san kowace kwana, ya san inda raɓa ke kwana, yana jin ƙafa zata suɓuce a jikinsa kafin kunne ya ji. Duk wanda ya tsaya a bakin dogo ya ji rurin nan ya ga hayaƙi ya tokare sama dole ya ce wannan shine ƙarfi, alhali dizal zai wuce da kaya fiye da nasa ba hayaniya. Kuma kar ka manta da yawanmu dizal ɗin da muka sani wanda ya tsufa ne babu kayan gyara, ba adalci bane a auna shi da na kwal a zamanin da ake kula da shi kullum.

Gangara kuwa ba a cika zancenta ba alhali ta fi ban tsoro. Na kwal yawanci takalmin birki kawai ya dogara da shi, ya yi ta goga har ya yi zafi riƙonsa ya ragu. Dizal mai birkin lantarki yana mayar da injinan ƙafafunsa janareta su riƙe jirgin, takalmi na hutawa. Daga Kuru zuwa Bauchi wannan ba ƙaramin abu bane.

Batun Maiganga, na ji daɗi da ka kawo shi don tunani ne na mai kishin gida. Sai dai jirgin kwal cikin zafin da ya ƙona abinda ke zama ja bai kai kashi 10 cikin 100 ba, dizal na ba da wajen 30. Ga shan ruwa, ninkin nauyin kwal ɗin sau da yawa, kuma kai ɗan Gombe ne ka san sai daga Dadin Kowa ake turo muku na sha. Sai an sake gina tankuna a tashoshi, da ramin toka, da wurin wankin tukunya, a kuma nemo masu ɗinkin tukunya waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Kwal ɗin nan yana wa simintin Ashaka aiki, in za a ƙara masa wani to a ba da wuta da shi. Ni dai da za a tada kai ɗaya na kwal a riƙa fito da shi lokacin sallah yara su gani, da na fi kowa murna, amma ba don jan siminti da hatsi ba.

Abinda ya hana mu jirgi dogon ne kansa. A 2021 aka ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, kuma mu nan har yanzu ciyawa ce da shaguna a bakin layi. Ku matasa masu waya a hannu nan ya kamata ku matsa, ku tambayi 'yan majalisarku yaushe aikin zai iso Kafanchan da Kuru, wane nauyin dogo za a shimfiɗa, za a rage kaifin kwanoni da hawan Filato ko a kan tsohon sawu za a bi, kawunan da za a kawo suna da birkin lantarki ko babu, kuma a ina za a riƙa gyaransu. In ka samu wanda ya amsa maka ko ɗaya ka turo min nan a fili mu duba tare.

Ka gaida mahaifinka da mutan gida.

Kawunka, daga Bauchi