Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Manoma, Masunta da Makiyaya

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Dagaci, iyayenmu Sarkin Noma, Sarkin Ruwa da Arɗo, da sauran 'yan uwa mambobi maza da mata. Ga bayanin abin da muka yi daga bazarar bara zuwa wannan kaka. Lissafin kuɗi yana hannun Ma'aji, shi zai karanta ranar taro.

Kachala, doguwar ciyawar ruwan nan mai toshe magudanai, ita ce ta cinye mana rabin shekara. Dattawanmu sun sha faɗa cewa a da ruwa kan malale fadama da damina, ya janye da rani har ƙasa ta tsattsage, kuma ciyawar ba ta jure wannan bushewa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ana sako ruwa har da rani, sai rassan kogin Haɗeja suka daina ƙafewa yadda suka saba, laka ta taru, kachala ta samu wurin miƙe ƙafa. Ba aibata madatsun muke yi ba, da ruwansu da yawanmu ke noman rani.

A gayyar farko mun yi kuskure, mun yanke ta a saman ruwa kamar masu girbin shinkafa, muka koma gida muna murna. Kafin wata ya zagayo ta tofo fiye da da. Malamin aikin gona na sakandaren garinmu ne ya nuna mana dabarar: ta ganye da kara take kai wa saiwarta iska, don haka sai an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, sannan a maimaita idan ta sake leƙowa. Haka samarinmu suka yi, ruwa iya ƙirji, lauje a hannu, matsattsaku na manne musu a ƙwauri. Yanzu kwalekwale yana ratsa magudanar da ta toshe, ruwa kuma ya kai gonakin gabas. Amma wasu daga cikin yaran sun dawo da fitsarin jini. Tsargiya ce, ƙwayar cutar kuwa a jikin ƙananan katantanwa take girma, su kuma gindin kachala ne gidansu. An kai su asibiti sun samu sauƙi. Laifin kwamiti ne da bai tanadi dogon takalmin roba ba, kuma mun karɓa.

Cikin kachalar nan tsuntsu jan baki ke kwana, nan yake sheƙa. Wanda ya kwana tsaron shinkafa ya san abin: da asuba su taso kamar hayaƙi, yara na jan igiya mai gwangwanaye suna ihu, makaranta kuwa ta zama fayau. An yi zazzafar muhawara kan a nemi feshin jirgi. Masunta suka ƙi, suka ce maganin ba ya tambayar sunan tsuntsu, kuma abin da ya faɗa ruwa cikin kifi zai ƙare. A ganina suna da hujja, ko da yake wanda gonarsa ta koma ƙaiƙayi ba hujja yake son ji ba. Matsayar da aka cimma ita ce a fara share makwancin da ke kusa da gonaki, a kuma riƙa shuka lokaci guda, don kada gonar da ta riga nuna ko wadda ta makara ta ɗauki ɓarnar ita kaɗai.

Zaman karatun da muka riƙa yi da rani a gindin tsamiya ya yi armashi, musamman ranar mujiya. Malam ya zo da wasu dunƙulallun abubuwa masu launin toka da ya tsinto a tsohon rumbu, ya ce aman mujiya ne. Ya ɓare ɗaya da tsinke a kan faifai, sai ga gashi, ga ƙananan ƙasusuwa, ga ƙoƙon kan ɓera da haƙoransa biyu na gaba. Wuri ya yi tsit. Mu da muke jifanta muna cewa mugun tsuntsu ce, ashe gadin hatsi take yi mana kyauta. Ɓera kuwa haihuwa yake yi babu ƙaƙƙautawa, idan aka rage masu cin sa, damina guda ta ishe shi cika gari. Gubar da muka zuba bara kyanwowi da kaji ta fi kashewa. Har yanzu akwai iyayenmu da ba su gamsu ba, wata Inna ta ce ko da kuɗi mujiya take yawo ba za ta kwana kan ɗakinta ba. Mun dai samu yara sun rage harbinta da danƙo.

Wajen masunta aka fi kai ruwa rana. Kowa na kukan kifi ya ragu, amma ana ja da gidan sauro, ana datse magudana da dumba, wato shingen kamun kifi, daidai lokacin da kifi ke hawa fadama don yin ƙwai. Karfasa a baki take renon ƙwanta, wanda ya kama uwar ya kama har na baɗi. Sarkin Ruwa ya sa hutun su, wato hana kamun kifi, a tafkin yamma daga shigowar ruwa har kaka. An karya dokar sau ɗaya cikin dare, kuma ɗan ƙungiya ne. Ya biya tara, ba za mu ambaci sunansa ba. Ranar da aka buɗe tafkin, tarwaɗar da aka fitar ta rufe bakin masu gardama.

Dashen itatuwa bai yi ba, awaki sun cinye mafi yawa. Mun koma kan abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna yi: kare tohon da ya fito da kansa a gona, a rage masa rassa a bar mai ƙarfi. Gawo muka fi sa wa ido, tunda yana kakkaɓe ganye da damina bai tare wa gero rana ba, da rani kuma shanu su ci 'ya'yansa su bar taki a gindinsa. Arɗo ya yi alkawarin ja wa yara kunne kan sassabe shi ƙurmus, manoma kuma su fita daga burtali. Na biyun ne bai cika ba.

Da hunturu mun kai ɗalibai dausayin Baturiya, wanda aka sa cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2008, suka ga agwagin ruwan da ke tsallako Sahara daga Turai. Kuɗin mota iyaye ne suka haɗa, mun gode.

Abin da ke gaban taro shi ne batun takalman roba, da ko za a ƙara tafki na biyu cikin hutun su, da kuma sasanta maganar burtalin arewa kafin saukar ruwa. Masu bashin gudummawar wata su ga Ma'aji kafin ranar. Gayyar kachala ta gaba kuma kowa ya zo da laujensa a wase.

Wassalam,
Sakataren Ƙungiya