Wasiƙa zuwa ga Baba, daga New York

Assalamu alaikum Baba, da fatan kuna lafiya, ya ƙafar Inna, ya su Auta. Kuɗin da na turo wancan satin a fara cire na siminti, ragowar na Inna ne.

Kun tambaya ko har yanzu keken nake turawa, eh shi ne dai, a Central Park, makeken lambun nan na tsakiyar birni, ina zagayawa da baƙi ina ba su labari. To shekaranjiya na sha kunya wlh. Na tsaya da wasu a bakin wata gadar ƙarfe mai lanƙwasa kamar bakan gizon da kuke ɗaurawa a zaure, na ce musu Olmsted, wanda ake cewa shi ya tsara lambun, ne ya zana ta don sunan da kowa ya sani ke nan, sai wata tsohuwa da ke zaune a benci da ɗan karenta ta ce a'a yaro, aikin Calvert Vaux ne da abokinsa Mould. Ko barci ban yi ba sai da na bi diddigi a waya.

Ashe Vaux ɗin ma baƙo ne Baba. A Landan aka haife shi 1824, wani mai tsara lambuna, Downing, ya ga zanensa a can ya taho da shi Amurka 1850, shekara biyu kacal jirgin ruwa ya kama da wuta a kogin Hudson ubangidan nasa ya nitse. Ku duba fa, ƙasar mutane, wanda ya kawo ka babu. Amma bai koma gida ba. Da aka sa gasar tsara lambun nan zane 33 aka kawo, shi ya je ya nemi Olmsted su haɗa hannu, suka ci a 1858. Hatta titunan da suka ratsa lambun sai suka saukar da su ƙasa kamar kwari, kana tafe a sama ba ka ganin mota. Shi ma Vaux a ruwa ya ƙare, 1895 a Brooklyn.

Ni dai ku nake ta tunawa, duk zankon da kuka fitar a unguwarmu sai dai a ce gidan Alhaji wane ya yi kyau, ba mai tambayar wa ya hau katanga. Yanzu duk fasinjan da na ɗauka sai ya ji sunan Vaux ko yana so ko ba ya so.

Sanyi ya fara shigowa, ciniki ya ja baya. Auta ya ɗauko min hoton zaurenmu ta ciki inda bakan ya fito sosai, zan nuna wa tsohuwar in na sake ganinta. A sa mu a addu'a.

Ɗanku.