Kada kauyukan dutsenmu su koma kamar Corippo

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a bani dan fili. Kwanaki nake karanta labarin wani kauye mai suna Corippo a kasar Suwizalan, can cikin tsaunukan Alps a kwarin Verzasca, yankin Ticino inda ake jin Italiyanci. Gidajensu duk na dutse ne har rufin, an jera su a jikin gangare wani bisa wani. A 1850 mutanen garin sun kusa 300, amma kafin 2020 dududu basu fi goma sha biyu ba kuma yawanci tsofaffi, shi yasa a shekarar aka hade shi da makwabtansa aka yi karamar hukuma daya mai suna Verzasca.

Wallahi Malam ina karantawa sai kauyen kakata a bayan garin Mokolo a arewacin Kamaru ya fado min a rai, mu ma dutse ne, kakanninmu suka jera duwatsu hawa hawa suka tare kasa don shuka dawa da gero, yanzu katangun suna zubewa ba mai gyarawa saboda samari duk sun sauko Marwa da Garwa wasu har Duwala suna tuka babur. Bara da naje da rani, rijiya ta kafe, kakata da kanta take saukowa da tulu tun asuba.

Ni ban ga laifin yaran nan ba, ba ruwa ba hanya wa zai zauna? Hukumomi su taimaka mana da rijiyoyin burtsatse da gyaran hanya tun da sauran mutane a saman dutsen.

Naku,
Mai karatu daga Marwa, Kamaru