Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ruwa da Makamashi: ruwan ɗumi a Ngaundere

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne daga Ngaundere, a nan arewacin Kamaru, inda sanyin Disamba da Janairu ke shiga har ƙashi. Wanda ya san Garwa da Marwa kaɗai zai ɗauka Arewa duk zafi ce, amma mu muna bisa tsauni, sama da mita 1,000.

Mahaifiyata ta tsufa, ga ciwon gaɓoɓi. Saboda ita na ɗaure na sayi tankin ɗumama ruwa na lantarki mai lita 50. Da asuba sai in buɗe famfo in tara hannu, ruwan yana zuba kamar ƙanƙara. Sai wanda ya kwana a cikin bututu ya fita kaf kafin na ɗumi ya iso, in ma akwai shi. Bokiti guda nake tarewa don kada ya tafi a banza. Hajiya na zaune bisa kujera 'yar tsugunne, ta rufa da mayafi, buta a gabanta, har ladan ya tada iƙama. Sau da yawa sai matata ta hura gawayi.

Wani mai gyaran wuta ne ya fahimtar da ni. Tanki irin nawa, mai ƙarfin wat 1,500, yana bukatar kusan awa biyu kafin ruwa ya yi zafi sosai. Idan wuta ta sauko daga bolt 220 zuwa 170, kusan kashi 40 cikin 100 na zafin ya tafi ke nan. Idan kuma ba wutar cikin dare, to sai haƙuri.

Mun san dalili. Jihohin Arewa uku sun daɗe suna dogara da madatsar Lagdo ta kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982, mai megawat 72. In ruwanta ya ja baya, wuta ta ja baya. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun kawo sauƙi, mun gode, sai dai ba rana da asuba.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne a waiwayi na'urar ɗumama ruwa da zafin rana, irin wadda ake ɗorawa bisa rufi. Ba ta shan wuta, ba ta son injin tura ruwa. Rana ta ɗumama shi, mai zafi ya hau sama da kansa ya taru a tanki mai riƙe zafi har wayewar gari. Tsadarta ce ta fi ƙarfinmu, kuma masu iya haɗa ta kaɗan ne. A sassauta kuɗin shigo da ita, a koya wa matasanmu haɗawa da gyarawa a makarantun sana'a, a fara sanya ta a ɗakunan haihuwa na asibitoci.

Maganar haihuwa ta fi damuna. Matanmu na wankan jego har kwana 40, safe da yamma, a kan itace. Duk wanda ya ga ɗan dutsen itacen da ake jibgewa a ƙofar gidan mai jego ya san inda bishiyoyinmu ke tafiya, ya kuma san hayaƙin da tsohuwa mai dafa ruwan ke shaƙa.

Ina fatan kafin hunturu mai zuwa za mu ji wani mataki daga ofishinka. Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani magidanci daga Sabongari, Ngaundere