Wasiƙa ga Masu Zuwa Asibitinmu Domin Dashen Kitse

Assalamu alaikum, ’yan uwa masu daraja.

Muna sanar da ku cewa daga yanzu aikin dashen kitse zai riƙa ɗaukar lokaci fiye da yadda kuka saba, kuma haƙƙinku ne ku san dalili. Kitsen da muke zuƙowa daga ciki ko cinya domin cike tabon ƙuna, ko gyara nono bayan tiyatar ciwon daji, nama ne mai rai, kuma da zarar ya rabu da jijiyoyin jini, wani kaso nasa yakan mutu ya narke.

Tun a shekarar 2001 masu bincike a Amurka suka nuna cewa kitse na ɗauke da ƙwayoyin asali, waɗanda ke iya haifar da sababbin ƙwayoyin kitse. A 2012 kuma, Kotaro Yoshimura da abokan aikinsa a Jami’ar Tokyo suka gano cewa ƙwayoyin kitsen da suka yi nisa da jini sukan mutu tun a ranar farko, amma ƙwayoyin asali sukan jure har kwana uku, kuma su ne suke maye gurbin abin da ya mutu idan jini ya iso gare su a kan kari. Saboda haka kare su shi ne babban abin da muka sa a gaba.

Za mu riƙa zuƙo kitsen da sirinji a hankali, kamar yadda likitan nan na New York, Sydney Coleman, ya koyar, domin zuƙa mai ƙarfi tana fasa ƙwayoyin. Sannan mu tace shi daga jini da mai da ragowar maganin kashe zafi, mu dasa shi ba tare da ɓata lokaci ba, kaɗan-kaɗan a layuka sirara. Wannan shi ne mai cin lokaci, amma a ganinmu ba shi da makawa, domin dunƙulen kitse mai kauri tsakiyarsa ba ta samun jini.

Muna roƙonku da ku daina shan taba makonni kafin aikin da bayansa, ku guji danne wurin, kada kuma ku shiga rage ƙiba a lokacin jinya. Sai bayan wata uku zuwa shida ake sanin abin da ya kama, kuma wasu za su buƙaci a ƙara musu karo na biyu. Duk mai tambaya ya zo mu zauna kafin a sa ranar aiki.

Allah ya ƙara lafiya.

Naku,
Hukumar asibiti